Takubba Biyu a Daren Lalle: Littafin Atisaye

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Na karɓi aikin koyar da rawar. 'Yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, za a yi auren 'yar kawunsu farkon Disamba, suna so su yi mata rawa da takubba a daren lalle, a gidan kakarsu da ke unguwar Shubra nan Alkahira. Taro ne na mata zalla, har mai ɗaukar hoto mace za a kawo, shi ya sa mahaifiyarsu ta amince. Babbar zan riƙa kiranta Yaya a nan, ƙaramar kuma Auta.

Na sa kowacce ta taka min ita kaɗai, hannu wofi. Yaya gajera ce mai jiki, ba ta taɓa shiga ajin rawa ba, a falon kakarta da gidajen biki ta koya. Tafin ƙafarta shimfiɗe yake a ƙasa, nauyinta duka yana ƙugu, kuma tana da ɗabi'ar nan ta 'yan baladi, wato masu rawar gargajiya ta unguwannin Masar: ganga za ta buga, ta ɗan yi jim kamar ba ta ji ba, sannan ƙugun ya sauka. Auta ta fi ta tsawo da kusan taƙi guda. Ta daɗe tana wasannin motsa jiki a kulob, bayanta a miƙe, kuma ƙirga kiɗa take yi, ana ganin leɓenta na motsi. Kowacce gwana ce a nata fannin. Haɗa su ne aikin.

Na faɗa musu tun yau cewa makonnin farko babu rawa, tafiya kawai za a yi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Sayen takubba. Kasuwar Khan el-Khalili cike take da su, amma yawancinsu na ratayewa a bango ne, an ƙera su don 'yan yawon buɗe ido. Da kin ɗora ɗaya a bayan hannu sai ya kwanta ruf. Na bi ta titin Mu'izz wajen masu aikin tagulla, na sami wani dattijo a ɗan lungu. Ina ɗaga na farko ya dube ni ya ce, “Ya madam, na bango kike nema ko na ka?” Na ce, “Na ka, ya usta, kuma guda biyu.” Sai ya shiga ciki ya fito da wasu a naɗe cikin tsumma.

Takobin rawa lanƙwasasshe ne. Bayansa, wato gefen da ya lotsa ciki, shi ke zama a kan mutum, kaifin yana kallon sama, mariƙi da tsini kuma sun sunkuya hagu da dama. Wannan sunkuyawar ita ke tsayar da shi, domin nauyin yana rataye ne ƙasa da inda ƙarfen ya taɓa kai. Idan mariƙin ya karkace ko da kaɗan ne, takobin zai riƙa jingina gaba ko baya. Dattijon ya ɗora kowanne a ɗan yatsansa, ya lumshe ido ɗaya, ya murɗa dunƙulen ƙarfen da ke gindin mariƙin har ya tsaya cak. Ya dakushe kaifin, ya goge tsinin ya zama mulmulalle, sannan ya sa magagari ya ɗan kankare daidai inda zai zauna a ka, don ya kama gashi.

Tsawon kowanne wajen santimita 90, nauyi kusan kilo ɗaya. Masu koyo sukan so marar nauyi, alhali shi ya fi wuyar sha'ani, ko fanka aka kunna sai ya fara lilo. Mai nauyi zama yake yi. Na Yaya ya ɗan fi nauyi, da gangan na zaɓa mata shi saboda ƙarfin bugun ƙugunta.

Asabar, 21 ga Satumba

Tafiya daga bango zuwa bango, gwiwa a sake, haɓa a daidai. Mun shafa kakin zuma a wurin zaman takobin, na kuma hana su wanke kai ko shafa mai ranar atisaye. Gashi mai santsi ba ya riƙe ƙarfe.

Wadda ta taɓa ganin 'yar Fulani mai tallar nono tana tsallake kwata da ƙwarya a ka, tana hira, ba ta ko tallafe ta da hannu, ta ga duk abin da nake koya musu: wuya ba ya sandarewa, gwiwa da ƙugu ne ke shanye gargadar hanya kafin ta iso kai. Auta sandarewa take yi, tana riƙe numfashi, minti biyu kafaɗunta sun haye kunne. Yaya kuwa ta sake sosai, amma ta saba kaɗa kai idan kiɗa ya yi mata daɗi, kuma takobi ba ya yafe wannan. Ya faɗi sau da dama. Doka ta farko: in ya zame, a ja da baya a bar shi ya faɗi, kada a kai hannu. Dakusasshe ne, amma kilo guda na ƙarfe a kan ɗan yatsan ƙafa ba wasa ba ne.

Dukansu sun koka da zafi a tsakar ka. Zai ragu.

Asabar, 28 ga Satumba

Muna hutawa Auta ta ce, “Ya abla, wai gaskiya ne matan da a kan takubban sojoji suka fara wannan rawar?” Ta gani a intanet. Na ce mata labari ne mai daɗin ji, amma ba zan gina aikinmu a kansa ba. Ga abin da ya tabbata.

A 1834 mai mulkin Masar, Muhammadu Ali Basha, ya hana mata masu rawar titi, gawazi, yin sana'arsu a Alkahira, da yawansu suka gangara kudu, Isna da Kina da Luksor. Turawan da ke zuwa Masar a wancan ƙarnin sun zana su, cikinsu har da mai zanen Faransa Jean-Léon Gérôme, wanda ya fara zuwa ƙasar a 1856, ya kuma zana mace tana rawa da takobi a ka. To amma lokacin da rawar ta hau dandali a gidan wasan da Badi'a Masabni ta buɗe a 1926, inda Tahiya Kariyoka da Samiya Gamal suka yi suna, takobi bai zama jigo ba. Abin da Misirawa suka riƙe na ɗorawa a ka shi ne shamadan, wato alkukin kyandirori da ake shiga gaban amarya da shi, sai tulun ballas na matan karkara, sai sanda. Ita sandar daga tahtib ta samo asali, wasan sandan mazan Sa'id, wato kudancin Masar, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado a 2016. Ko Mahmud Rida, da ya kafa ƙungiyarsa a 1959 tare da ɗan'uwansa Ali da Farida Fahmi, ya zaga ƙasar yana tattara raye-raye, da sanda da tulu aka fi sanin aikinsa.

Takobi a kan mace kamar yadda duniya ta san shi yau, a Amurka ya bunƙasa. Jamila Salimpour ta kafa ƙungiyar Bal Anat a Kalifoniya a 1968, kuma a farkon shekarun 1970 ta sa rawar takobi cikin wasanninta, zanen Gérôme ne ya ba ta tunanin. Daga can ya yaɗu. Rawar takobi ta maza kuwa, irin arda ta Saudiyya ko ta Bija a gabashin Sudan, wata aba ce daban, ta jere da kirari da nuna jarumta.

Na yi musu wannan dogon bayani ne don su san me muka ɗauko. Aro ne da ya fita ya dawo. Ba na ganin aibu a ciki, amma ina da sharaɗi: jikin da ke ƙarƙashin takobin ya yi rawar Shubra. In aka cire takubban, abin da ya rage ya isa a kalla. Na ga wasanni da yawa inda mai rawa ke tsaye ƙiƙam tana jiran tafi don ƙarfe bai faɗo ba, kuma ba shi nake so a kai wa amarya ba.

Talata, 8 ga Oktoba

An sami makaɗa, duka mata. Mai tabla, wato gangar hannu, dattijuwa ce da ta yi shekaru tana bin gidajen biki, ta tashi a kusa da titin Muhammadu Ali, inda shagunan kayan kiɗa suke. Mai kanun kuma, abin kiɗa mai tsirkiya da ake kaɗawa da yatsu, ƙawar Auta ce, ɗaliba a babbar makarantar kiɗan Larabawa da ke Giza. Kanun ɗinta mai tsirkiya 78 ne, uku-uku a jere 26, rabin sa'a ta yi tana saita shi.

Ta fara da maƙam hijaz, ɗaya daga cikin tsare-tsaren sautin kiɗan Larabawa, don shi kowa ke ɗora wa takobi. Na roƙe ta ta canza. Hijaz yana da kyau, sai dai an yi ta amfani da shi wajen sayar wa baƙi hoton hamada da raƙuma har ya gaji. Na nemi bayati, wanda mawwal ɗin unguwa, wato waƙar jan murya, ke tafiya a kai, mai sautin nan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Tana taɓa shi Yaya ta sauke ajiyar zuciya, kafaɗarta ta saki. Shi ke nan, an gama magana.

Tsarin da muka tsayar, kimanin minti shida: shigowa da bugun ganga mai sauri da ake kira malfuf, takubba a hannu. Sai taƙsim, wato kiɗan da ake ƙirƙira nan take, na kanun ba ganga, a nan za a ɗora su a ka. Sai bugun wahda kabira, dum (bugu mai kauri) ɗaya kacal a farkon kowane zagaye, sauran fili ne. Sai bugun maƙsum. A rufe da bugun sa'idi, mai dum biyu a tsakiya, takubba sun dawo hannu.

Asabar, 19 ga Oktoba

'Yan matan sun so a sa faɗa a sashen sa'idi, a gwabza takubba, ƙarfe ya yi ƙara. Ban so ba tun farko. Waɗannan takubban ba a yi musu dukan yaƙi ba, shafe ne a jikinsu, karo biyu sai ya ɓare, kuma da bakin ya lotsa daidaiton ya tafi. Ban da haka, wasan faɗa tsakanin waɗanda ba su koyi tahtib ba kwaikwayo ne kawai, ido yana ganewa.

Kakarsu ce ta raba gardamar. Yau ta biyo su ta ga abin da ake yi, ta zauna a kujera da carbinta. Da Auta ta kwatanta mata, sai ta ce, “A'a, ya binti. Ni ko almakashi ba na bari a buɗe a rufe a banza a gidana, balle ya da ƙanwa su ɗaga wa juna ƙarfe a gaban amarya.” Auta ta ce, “To, ya teta,” ba ta ƙara ba.

A madadinsa: za su haɗa tsinin takubban a sama, a hankali, ba ƙara, su yi ƙofa, amarya ta bi ta ƙarƙashi zuwa kujerarta.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yau ce rana mafi nauyi tun da muka fara. Na jera su gaban madubi a sashen wahda, motsi iri ɗaya, ƙugu yana zana takwas a kwance. Kowacce ita kaɗai tana yinsa lafiya lau. Da suka jeru sai abin ya wargaje. Ba takubba, bambancin da ke tsakaninsu ba mai lura da shi. Da takubba kuwa, layi biyu ne masu ƙyalli a saman kawunansu, ɗaya ya motsa a kan bugu, ɗaya ya biyo baya da ƙiftawar ido, sai ka ga kamar ɗaya ce ta yi kuskure. Auta ta fara ƙirgawa da ƙarfi don yayarta ta bi. Yaya ta bi, rawar ta mutu a jikinta murus, ta zama mai cika umarni. Da aka juya, Auta ta gwada jinkiri irin na Yaya, sai ta zama kamar mai mantuwa. Har ƙwalla ta taru a idonta.

Mai tabla ce ta ajiye gangarta a cinya ta ce min, “Ya abla, ni ma in muna biyu ba ma buga abu ɗaya. Ɗaya ta riƙe ƙasa, ɗaya ta yi ado.” Haka ake yi kuwa: duff ko dohola, ganguna masu kaurin sauti, na riƙe asalin bugu, tabla na yawo a kansa.

Na yanke shawara. Motsi iri ɗaya a lokaci ɗaya zai rage a wuri biyu kacal, shigowa da ƙofar amarya. Sauran duka tambaya da amsa ne, yadda kanun ke yin jimla ganga ta mayar. Auta ta bi kiɗan kanun: hannuwa, ƙirji, tafiya a kan yatsu, dogayen layuka. Yaya ta bi ganga: saukar ƙugu, girgiza, tsayuwa wuri ɗaya. Jinkirin Yaya ya zama amsa ke nan, don amsa dama bayan tambaya take zuwa. Mun gwada zagaye takwas kafin a tashi. Karo na farko ke nan da na ga suna kallon juna maimakon madubi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Juyi. Ƙarfen wuri ɗan ƙanƙani yake taɓawa a ka, don haka in ka juya da sauri, kai ya tafi takobi ya tsaya, in kuma ka tsaya farat ɗaya, shi ya ci gaba. Dole a shiga juyi sannu a fita sannu, kuma ba a wurga kai gaba kamar yadda Auta ta saba don kauce wa jiri. Kai da kafaɗa tare suke tafiya.

Sai batun tazara. Wurin daidaito ya fi kusa da mariƙi, saboda haka ɓangaren tsini ya fi miƙewa waje. In suna gefe da gefe, mariƙai su kalli juna, tsini ya kalli waje. Wannan ya tilasta ɗaya ta ɗora ta kuma sauke da hannun hagu. Auta ta karɓa. Na manna tef a ƙasa, mita ɗaya da rabi tsakaninsu duk lokacin da za a juya.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Sashen da na fi ƙauna ya samu. A tsakiyar wahda suna matsowa da baya da baya har kafaɗunsu su haɗu. Takubban suna kwance daga kunne zuwa kunne, don haka a jere suke, ba sa karo, na Auta yana sama da na Yaya. Daga nan su sauka tare, gwiwa na lanƙwashewa, har su kai durƙuso, su ɗan tsaya, su tashi. Ba mai ganin 'yar'uwarta, madubi ba ya amfani, ƙirga ma ba ya yi, don mai tabla tana ja ko ta rage gwargwadon yadda ta gan su. Abin da ya rage shi ne bayan 'yar'uwarki. Na ce su daina sauraren komai, kowacce ta ji lokacin da haƙarƙarin ɗayar ya buɗe. A ja numfashi tare, a sauka a kan fitarsa. Auta ta ce tana jin bugun zuciyar Yaya ta cikin riga.

Tashin ya fi saukar wuya. Cinya ke ɗaukar komai, kuma in ɗaya ta riga ɗaya, wadda aka bari sai ta tafi baya. Na ba su aikin gida: jingina da bango a zauna a iska, kullum.

Durƙuson nan shi kaɗai ne saukarmu ƙasa. Tun shekarun 1950 hukuma ta hana masu rawa a wuraren jama'a kwanciya a ƙasa, ta kuma wajabta rufe ciki. Dokar ba ta shafi falon kaka ba, amma idon mutanen gidan ya saba da hakan, ni ma ban ga abin da birgima za ta ƙara mana ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na je na ga falon. Tsohon gini ne, rufin da tsawo, sai dai akwai ƙatuwar fitilar kwalba mai reto a tsakiya, daidai inda za a yi ƙofar amarya. Kawunsu ya yi alkawarin ɗaure ta sama. Za a naɗe kafet, a bar tayil, a goge shi da ruwa zalla. Yara su zauna bayan iyayensu. Fanka a kashe.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kaya sun iso: doguwar riga ta baladi har idon sawu, baƙa, ta yadin talli na Asyut, wanda ake saƙa siraran ƙarfe masu ƙyalli cikin raga da hannu, da gyale a ɗaure a ƙugu. Yadin yana da nauyi, yana zuba da kyau, amma bakin ƙarafunan yana kama komai. Hannun rigar Yaya ya sarƙe a mariƙin takobi tana cikin ɗagawa. Mai ɗinki za ta rage faɗin hannun ta sa shafi a ciki. A bayan rigunan ma za a sa shafi, kada su maƙale da juna a sashen durƙuso. Ba ɗankunne mai reto. Gashi a kama shi ƙasa a ƙeya, tsakar ka a bar ta fili.

Mai zanen lalle, wata 'yar Sudan da ke yi wa dangin aiki, ta yarda ta bar hannuwansu sai bayan rawa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Gwajin ƙarshe da kaya da makaɗa. Na gayyato maƙwabta mata na ce su yi guɗa da tafi iya ƙarfinsu, su kira sunayen 'yan matan, don ranar haka za a yi. Guɗar farko Yaya ta yi dariya, takobin ya zame, ta ja baya ta bar shi ya faɗi yadda aka koya. Mun tsara abin da za a yi in haka ta faru ranar: mai tabla ta shiga girgiza, ɗayar ta zagaya 'yar'uwarta da rawa har ta ɗauka ta mayar. Ba tsayawa, ba neman afuwa da fuska.

Alhamis, 5 ga Disamba

Jiya aka yi. Falon ya cika fiye da yadda aka ce, tazarar da muka auna ta ragu, dole na tsaya a bakin fili ina mayar da yara baya. Shigowar ta yi sauri, mai tabla ta ɗauki zafin ɗakin, 'yan matan suka iso tsakiya suna haki. Mai kanun ta lura, ta ja taƙsim ɗinta ya yi tsawo har numfashinsu ya dawo, sannan suka ɗora. Allah ya saka mata da alheri.

Tambaya da amsa ta zauna daram. Wata gwaggo ta yi ta kiran “Ya gamalo!” duk lokacin da ƙugun Yaya ya sauka. A durƙuso takobin Auta ya juya kaɗan, tsinin ya leƙo gaba, ta gyara shi da ɗan karkata wuya ba ta kai hannu ba, suka tashi tare. Babu wanda ya faɗi. Amarya ta bi ta ƙarƙashin ƙofar tana kuka tana dariya, kakar ta bi bayanta ita ma ta wuce, abin da ba ya cikin tsari, 'yan matan suka riƙe hannuwansu a sama har ta kai kujera.

Sa'idin ƙarshe bai gamsar da ni ba. Bayan an cire faɗan, abin da na cike gurbin da shi tafiya ce kawai da ɗaga takobi, ya fi sauran sassan rauni, kuma hannun hagun Auta yana rawa in ta gaji. Wata daga dangin ango ta nemi a maimaita a bikin 'yarta cikin Fabrairu, kafin azumi ya kama farkon Maris, 'yan matan kuma sun ce suna so. Zan rage malfuf da rabi, in nemi wadda ta iya rawar sanda ta Sa'id ta zo ta nuna mana takun ƙafa na gaske, mu sake gina ƙarshen daga tushe. Na ba su hutun mako biyu. Za mu koma ranar 21 ga wata.